Kukan da Na Ara Wurin Inna

Ranar kasuwar Yelwa da ta wuce na tsaya sayen albasa kusa da inuwar da 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, sai na ji muryata ta fito daga wayar wani saurayi. Kuka nake yi a ciki, ina cewa, "Ka ce in ɗumama maka, na ɗumama, ga shi nan ya huce." Su kuwa dariya suke har da buga ƙafa. Ashe ɗaya daga cikinsu budurwa ta juya wa baya, abokansa suka yanko wurin daga wani tsohon fim nawa suna tsokanarsa da shi. Daga baya na ji an ce ko ƙungiyar ƙwallon mutum aka ci, ko fetur ya yi tsada, kukan nan ake tura masa. Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, amma wani cikinsu ya riga ya gane ni. Mai ladabi ne, har ƙasa ya rusuna. Ya ce, "Hajiya, ashe ke ce. Don Allah ki ɗan yi mana shi nan mu ɗauka." Na ce, "Ɗana, yau muryar ba ta nan." Na bar albasar a faifan mai ita na kama hanya, ban ɗaga kai ba sai da na shiga zaure. Na yi wasa a gaban manyan ƙasar nan ban ji kunya ba, ran nan kuwa na ji ta. Ba mugunta ta sa su ba. Ba su dai san kukan wa suke ji ba.

A gungu aka haife ni, wato tsibiri a tsakiyar kogin Kwara, kafin a datse ruwa ya hau ya rufe mana gidaje da kaburburan kakanni. Ina ƙarama aka kwashe mu zuwa sabon gari a gaɓar tafki, wajen Ngaski, cikin gidajen da aka gina mana waɗanda tsofaffinmu ba su saba da su ba har suka koma ga Allah. Abin da ya fi zama mini a rai daga wancan zamani sauti ne. Kafin liman ya sallame asuba za ka ji filafili na taɓa ruwa a hankali, da ƙarar sanda tana bugun gefen kwalekwale, da tarin mazan da suka fita duba taru. Hantsi na yi sai luguden mata ya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, shirwa na shawagi a kan inda muke gyaran kifi tana jiran mu yi sakaci. Mu 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa. Mu fasa karfasa mu wanke, mu lanƙwasa tarwaɗa mu jera kan banda, mu shiga daji neman itace, da rani kuma mu yi ta watsa wa albasa ruwa da ƙwarya har bayanmu ya riƙe. Hayaƙin banda ya zauna mana a gashi da zane, ko mun yi wanka yana nan. Yanzu in na je bakin ruwan, inji nake ji, da waƙa daga waya, kowa na magana da wanda ba ya wurin. Babana masunci ne, Musulmi. Inna 'yar tudu ce daga wajen Shanga, danginta wasu na zuwa coci, wasu na kan al'adar iyaye. Da Sallah su sauko mana, da Kirsimeti mu hau musu, ba wanda ya taɓa ganin abin mamaki a ciki.

Inna mace ce mai nauyin baki. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma Baba na raye ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Mamman ne sunansa, amma a bakinta shi "mai gidan ga" ne, ko kuwa "shi" kawai. Har wani maƙwabcinmu mai wannan suna sai ta ce da shi "mai sunan manya". In mata sun zauna suna fallasa abin da ke cikin ɗakunansu, ita tana juya kifi, in an matsa mata ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ni kuma Allah ya yi ni akasinta. Duk wanda na ji sau ɗaya sai na kwaikwaye shi. Matan kudu masu zuwa sarin kifi da yadda suke taya farashi, malamin allonmu da yadda yake gyangyaɗi yana riƙe da bulala, tsohon da ke gyaran taru yana faɗa da kaji. Baba ya dawo daga ruwa ya zauna kan turmi ya ce, "Yi mini mai sarin kifi." In yi, ya yi ta dariya har ya share hawaye, ya ce in sake. Inna ba ta dariya, sai dai ta dube ni ta ce, "Wanga baki naki, Allah shi sa shi ci da ke, kar shi cinye ki."

Wata damina Baba ya tashi da asuba zai duba taru. Inna ta ce ya tsaya ya karya, ya ce a'a, ta dai ɗumama masa tuwon jiya, kafin hantsi zai dawo. Iska ta taso bayan fitarsa. A ƙarƙashin tafkin nan akwai kututturan itatuwan da ruwa ya rufe, suna nan tsaye har yau, kwalekwalensa ya hau ɗaya ya kife. Sai washegari aka same shi. Gida ya cika da masu gaisuwa, mu yara muna ta birgima muna ihu, Inna tana zaune kan tabarma idonta a bushe, tana amsa wa kowa da "Hukuncin Allah ne." Mata suka yi ta yaba mata, ana kawo ta misali ga duk wadda aka yi wa rasuwa. Tana cikin takaba, wata rana da tsakar rana ta aike ni itace. Na manta igiya na dawo. Ta bayan gida na shigo, sai na ji wata murya da ban sani ba daga rumfar banda. Na leƙa ta zana. Inna ce durƙushe a cikin toka, ta rungume akushin Baba a ƙirji, tana jijjiga gaba da baya. Muryar ba ihu ba ce, daga can ƙasan ciki take fitowa tana karyewa a maƙogwaro. Tana cewa, "Mamman. Mamman. Ka ce in ɗumama maka, na ɗumama, ga shi nan ya huce." Ta yi ta maimaitawa. Da ta gama ta share fuska da gefen zane, ta ajiye akushin, ta miƙe ta ci gaba da juya kifi. Na lallaɓa na fita ba igiya, na ɗauro itacen da ɗankwalina. Ban faɗa wa kowa ba.

Kawuna ne ya tsaya na yi makaranta har kwalejin horon malamai, a can kuma na haɗu da Malam Tanko, malamin Hausa mai kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Dandalinmu teburan aji ne a haɗa, labulenmu zannuwan gado, gemun tsoho auduga ce a manna da ƙaro. Ba lasifika, dole muryarka ta kai ga na ƙarshen zaure da kanta. Malam Tanko kan tsaya can baya ya ɗora hannu a kunne ya ce, "Ban ji ba. Kakarki kurma ce tana nan zaune, yi mata magana." A wurinsa na koyi tsayuwa, da numfashi, da yin shiru a inda shiru ya fi magana. Da na gama, ya sa ni cikin ƙungiyar da ake turawa ƙauyuka wayar da kai, muna wasa kan tsargiya, da rigakafin yara, da tsabtar ruwan sha. A lokacin mace ta tsaya gaban maza tana kiran wani mijinta ba ƙaramin abu ba ne. Kawu ya zo har gida ya ce wa Inna ta hana ni, ana ce masa kawun 'yar wasa. Inna ta ce, "Kai ka sa ta karatu. Ta san abin da take yi."

Sai ranar da aka kai mu Wara, ranar kasuwa. Wasan a kan cika wa jirgin ruwa kaya ne fiye da ƙima. Ni ce matar mai jirgi, wani Ɗanjuma a cikin wasan, wanda kwaɗayi ya sa ya loda mutane da buhuna har jirgin ya nutse da shi. A wurin gwaji abin da nake yi kawai in ɗora hannu a ka in yi ta wayyo, Malam Tanko ya ce ya isa haka. Bayan azahar aka share fili ƙarƙashin itatuwa kusa da kwata, inda jirage ke tsayawa, jama'a suka kewaye mu, wasu a kan buhunan albasa, wasu a kan jiragen da aka jawo gaɓa. An yi ta dariya a farko. Da aka zo wurin kawo gawa, 'yan wasanmu don su burge suka tsoma tabarma a tafki kafin su lulluɓe mai jirgin da ita. Suka ajiye shi a gabana, ruwa na ɗiga, warin jiƙaƙƙiyar kaba da laka ya buge ni. Irin warin da ya cika gidanmu ne ranar da aka kawo Baba. Sai na sami kaina durƙushe ina rungume da ƙwaryar da ke hannuna, ina jijjiga. Muryar da ta fito ba tawa ba ce. Kalmomin ma ba na wasan ba ne. Kuma ban ce Ɗanjuma ba, Mamman na ce, na sake cewa.

Kasuwa ta yi tsit, har kukan awaki kana ji daga can gefe. Da yawa a wurin sun san Baba, wasu ma su suka tsamo shi. Na ji wata tsohuwa ta ce, "Ai ɗiyar Mamman ce." Sai na ga kawunan mutane suna juyawa, ba wajena ba, wajen bayan taro. Na bi su da ido. Inna ce tsaye da kwandon banda a ka, ta zo sayarwa, ban san za ta zo ba. Duk wanda ke wurin ya gane cewa yarinya ba ta ƙirƙiro wannan magana, a bakin uwarta ta ji ta. Inna ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ba komai. Ta gyara gammo, ta juya ta gangara wajen jirage, mutane na buɗe mata hanya. Ni kuma ina durƙushe a ƙasa aka fara tafi, mata na share ido, wani dattijo mai jirgi yana rantsuwa ba zai ƙara yin lodi ba. Malam Tanko ya zo yana rawar jiki ya ce, "Daga ina kika samo wannan?" Na ce, "Ban sani ba, Malam."

Washegari na tafi gida. Na same ta a rumfar banda, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ta tambayi hanya, ta zubo mini abinci. Ina riƙe da loma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe kina nan ran nan."

Na ce, "Ina nan, Inna."

"Bayan zana?"

"Bayan zana."

Ta juya kifi ɗaya, ta juya na biyu. Ta ce, "Matan garin ga sun ce ba su taɓa ganin mai haƙuri irina ba. Yanzu sun san abin da ke akwai."

Na ce, "Inna, wallahi ban yi niyya ba."

Ta ce, "Na sani. Ci abincinki."

Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Amma daga ranar ba ta sake taka kasuwar Wara ba har ta bar duniya. Maƙwabta take ba kifinta su sayar mata.

Labarin wasan nan shi ya kai ni gidan talabijin a Sakkwato. Zamanin hoton baƙi da fari ne, akwatin talabijin ɗaya a unguwa, a fito da shi tsakar gida yara su cika ƙasa manya su jeru a benci. Kowane mako muna da wasa. Na fito a malamar asibiti, na fito a mai tuwo-tuwo mai faɗa da masu cin bashi, na fito a uwar gida mai wayo, mutane suka san ni, ana nuna ni a tasha. A can na yi aure, na haifi 'ya'yana, na tura su makaranta da wannan sana'a, ba zan raina ta ba. Da finafinan kaset suka zo aka kira ni Kano, lokacin shekaru sun fara nunawa, sai na zama uwa. Uwar da ɗanta ya ɓata, uwar da mijinta ya rasu, uwar da aka kora daga gida. Kowane darakta abu ɗaya yake so: "Hajiya, a ba mu kukan nan." Yaran da muke aiki da su sai sun shafa man zafi a ƙarƙashin ido kafin hawaye ya zo, ni kuwa da an ce a fara sai ya zubo. Suna tsokanata wai ni 'yar Yawuri ce, albasa na cikin jinina. In yi dariya tare da su. Muryar Inna nake amfani da ita, kalmomin kuwa na ajiye su gefe, na ce ba za su ƙara fita bakina ba. Haka na daɗe, har wani fim da miji ya fita da safe mota ta kashe shi. Maganar da aka rubuta mini ba ta da rai, muka yi ta maimaitawa ba ta zauna ba, rana na faɗuwa, darakta ya rasa yadda zai yi, kowa ya gaji yana kallona. Aka miƙo mini kwanon abinci in riƙe. Na riƙe, na faɗi kalmomin Inna. Sunan kawai na danne. Fim ɗin ya karɓu, har lambar yabo aka ba ni a wani babban zaure, na hau na karɓa ina murmushi, na dawo na sa ta ƙasan akwati. Daga cikinsa ne samarin nan suka yanko abin dariyarsu.

A da, in ka yi kuka a wasa, wanda ya gan ka ya ga abin da ya jawo shi. Ya zauna tun farko, ya san mijin, ya ga fitarsa, ya ga dawowar gawarsa, kukan ya same shi a inda ya kamata. In an tashi kuma ya tafi da shi gida a cikin ransa, ba a aljihu ba. Yanzu an raba kuka da dalilinsa, an mai da shi kamar gishiri, kowa ya barbaɗa a abin da ya ga dama. Ba na zagin zamani, na ci moriyarsa. Amma da na san inda maganar nan za ta ƙare, da rana ta faɗi ran nan ba mu gama ɗauka ba.

Tun daga ranar Wara Inna ba ta sake kallon wasana ba, ko ɗaya. Na kai mata talabijin, ta yi godiya, ta lulluɓe shi da zane ta jera kwanonin tangaran a kai. In mata suka ce mata, "Mun ga ɗiyarki jiya tana ta kuka, har ta sa mu kuka," sai ta ce, "Allah shi ba ta lafiya." Ba ta taɓa cewa in daina ba, ni kuma ban taɓa samun bakin tambayarta dalili ba. In na zo gida muna hirar jikoki, da farashin kifi, da wanda ya rasu da wanda ya haihu. Abin yana nan tsakaninmu a zaune, kowa na kewaye shi.

Daminarta ta ƙarshe na bar aiki na zo jinyarta. Wata rana bayan azahar na fito da ita inuwar ƙofar ɗaki, inda ake hango tafki, na ɗora ƙafarta a cinyata ina shafa mata man kaɗe. Ta daɗe tana kallon ruwan. Can ta ce, "In tambaye ki mana."

Na ce, "Ina ji, Inna."

"In kina kukan ga naku na aiki, mi kike gani?"

"Kamar yaya?"

"Mutum ba shi kuka hakanan. Akwai wanda yake gani a ransa. Ke wa kike gani?"

Na ce, "Ke nake gani, Inna. Kina durƙushe a rumfar banda."

Ta juyo ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, "Ni?"

Na ce, "Ke."

Ta mayar da idonta ga ruwa. Sannan ta ce, "Ni duk shekarun ga na ɗauka shi kike gani. Shi ya sa ban hana ki ba. Na ce ko ba komai ya samu mai yi mishi kuka a fili, tunda ni ban iya ba."

Hannuna ya tsaya a kan ƙafarta.

Ta ce, "Kin tuna fuskarsa kuwa?"

Na nema. Na sami dariyarsa, na sami turmin da yake zama, na sami bayansa yana gangarawa ruwa da filafili a kafaɗa. Fuskar ba ta zo ba. Na sunkuyar da kai, ita kuma ta gane.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta gyara zama da ƙyar ta ce, "To saurara. Dogo ne, sai ya duƙa yake shiga ɗakin ga. Baƙi ne, amma ba wuluk ba. Yana da tabo nan saman gira, ƙugiya ta kama shi yana yaro. In zai yi dariya idonsa na hagu ke fara rufewa."

Ta ci gaba a hankali, tana tsayawa ta huta, tana ɗorawa, har aka kira la'asar. Ni da furfurata ina riƙe da ƙafarta, kaina a ƙasa, ina saurare kamar ana ba ni labarin baƙo.